Bakin Mushe Hachimou

Ƙanena Hachimou ya shekara goma sha ɗaya yana koyar da Ingilishi a wata kwalejin gwamnati a nan Djougou ta ƙasar Benin, kuma a duk tsawon shekarun nan ban taɓa jin an ce ya yabi ɗan kowa ba. Ba mugunta ba ce. Ni na goya shi, na san cikinsa. Gado ya yi, kuma in dai za a yi adalci, mahaifinmu ya kamata a fara tuhuma, Allah Ya jiƙansa.

Baba Moutari dillalin shanu ne a karar Parakou. A garin aka haife mu, ni Tsahara mace ɗaya tsakanin maza, Hachimou kuma autanmu. Wanda bai taɓa ganin yadda Baba yake son dabba ba, ba zai gane gidanmu ba. In ya hango bijimin da ya kwanta masa a rai, sai ya haɗe fuska. Ya zagaya shi, ya matsa tozonsa, ya buɗe bakinsa ya duba haƙora, sannan ya ja tsaki.

"Wannan ai ƙashi ne da fata," in ji shi. "Ku dubi ƙafar baya. Da ƙyar in ya kai Cotonou da rai."

Bafulatanin da ya kawo bijimin ya san wasan, mahautan da ke tsaitsaye su ma sun sani. Dabbar da Baba ya wuce bai tanka mata ba, ita ce ba ta da amfani. Wadda ya tsaya yana kushewa, ita yake so.

To, haka ya rene mu. In na yi sakwara ta yi daɗi, sai ya ce miyar ta yi gishiri, kuma ya suɗe kwanon tas. Mu manya mun gane, mun saba. Hachimou ne bai gane ba, kuma shi ya fi kowa shan kushe. Ranar da ya zo na ɗaya a ajinsu, Baba ya ce ai sauran yaran ne ba su da kai. Ranar da ya samu shiga jami'a don ya karanci Ingilishi, harshen da ya fara ji a bakin fataken Najeriya masu zuwa sayen shanu, Baba ya dube shi a gaban kowa ya ce, "Wanda bai iya riƙe igiyar maraƙi ba, dole ya riƙe alli." Yaron nan ya kwashi kowace kalma ya adana a cikinsa. Har Baba ya koma ga Allah, shekara takwas ke nan, bai taɓa jin magana ɗaya mai daɗi daga bakinsa ba.

Shi ya sa ya tashi mutum mai fargaba. Sau uku yake komawa ya duba ko ya kulle babur ɗinsa. In aka ce sufeto zai zo makaranta ranar Alhamis, tun Litinin yake fara jera takardunsa yana sake jerawa. Matarsa tana aikin jinya a Parakou, gidansu yana can unguwar Kpébié, sai ƙarshen mako yake tafiya, don haka a gidana yake cin abincin rana tun da aure ya kawo ni Djougou. Ina ganin yadda yake zama a bakin tabarma kamar baƙon da bai tabbata an gayyace shi ba.

A aji kuwa, Baba ne ya dawo da alli a hannu. Yara suna kiransa Mushe a gabansa, wato malam a Faransancin nan namu, Jan Biro kuma a bayan idonsa. Ɗalibin da ba ya ja, ba ya takura masa. Amma wanda ya ga yana da kai, ya shiga uku. Kuma wadda ta fi kowa shiga uku ita ce Kamila, 'yar maƙwabciyata Zinariya mai sayar da wagashi, cukun Fulani. Uban yarinyar direban tirela ne, kullum yana hanya, saboda haka maganar gidan duk a hannun Zinariya take. Kamila tana ajin ƙarshe, za su zauna jarrabawar BEPC a watan Yuni, kuma bayan ta rubutu akwai ta baki, inda ɗalibi zai zauna gaban baƙon malami ya yi Ingilishi da bakinsa. Shekara uku Hachimou yana tsaye a kan yarinyar nan yana duba mata haƙora. In ta yi jimla goma daidai, sai ya nemo ta sha ɗaya ya ja mata layi. Zuwa watan Fabrairu ta fara in'ina. Zuwa Maris, in ya kira sunanta, sai ta miƙe, leɓɓanta su yi motsi, ba abin da ke fitowa.

"Yaya, ban san me ya same ta ba," ya ce da ni wata rana, ya tura kwanon abinci gefe. "Ita ce ta fi su duka. In ta yi haka a gaban mai jarrabawa, shi ke nan."

"Ka taɓa gaya mata ita ce ta fi su?"

Ya dube ni kamar na ce ya yi rawa a kasuwa.

A hutun Afrilu aka tura malaman Ingilishi taron bita na kwana uku a Parakou. Wata malamar jami'a ce ta yi musu bayani kan wani fanni na ilimin halayyar ɗan Adam, wanda ba ya fara tambayar me ya lalace a jikin mutum, sai dai me ke da kyau wanda za a ɗora a kai. Ta ce tsoro yana ɗaure harshe, kuma ba a koyon baƙon yare da zuciya tana rawa. Ta ce lafiyar ran ɗalibi tana gaba da makinsa. Sannan ta ba su aiki: kowa ya buɗe littafinsa ya rubuta kalma ɗaya mai daɗi da wani babba ya taɓa faɗa masa yana yaro. Malamai suka sunkuya suna rubutu, wasu har da murmushi. Hachimou ya zauna da biro a hannu har lokaci ya cika. Da ya dawo ya nuna mini shafin, fari fat, sai kwanan wata a sama.

A ranar ya ciro jan bironsa daga aljihu ya ajiye mini a kan kantar madafi, kusa da gwangwanin gishiri. Ya ce in riƙe, kada in ba shi ko ya roƙa.

Makon farko yara sun ɗauka ba shi da lafiya. Ya shiga aji yana murmushi, kuma murmushin wanda bai saba ba abin tsoro ne. Amma a hankali abu ya fara kamawa. Kowace safiya, kafin a buɗe littafi, kowa zai faɗi abu ɗaya mai daɗi da ya same shi jiya, da ɗan Ingilishin da ya iya, ba gyara. Wani ya ce akuyarsu ta haihu. Wata ta ce ruwan farko ya sauka a gonarsu ta Bariénou. Har Kamila ta ɗaga hannu sau biyu, ta yi magana ƙasa-ƙasa. Da ƙanena ya tsaya nan, da ba ni da labarin da zan ba ku. Amma mutumin da ya shekara talatin da wani abu da yabo a maƙale a wuya, in ya ɓalle, ba ya sanin iyaka.

Ranar Litinin ta farkon Mayu, a sahun ɗaga tuta, ya nemi izinin darakta ya yi magana. A gaban makaranta gaba ɗaya ya kira Kamila ta fito. Ya ce a shekara goma sha ɗaya bai ga ɗaliba kamarta ba. Ya ce babu harshe irin nata a duk Djougou, kuma ita za ta zo na ɗaya a jarrabawa, kowa ya zuba ido ya gani. Aka yi ta tafi. Ya zo gidana da rana fuskarsa tana sheƙi, ya ci sakwara malmala biyu, yana ba ni labari.

Na ce, "Ka ce tubarkalla?"

"Yaya, a sahun tuta? Da Faransanci fa na yi magana."

Ranar Laraba zazzaɓi ya kwantar da Kamila. Aka kai ta asibiti, aka ce na sauro ne, aka ba ta magani, cikin kwana huɗu ya sauka. Amma muryarta ba ta dawo ba. Likita ya haska maƙogwaro, ya ce bai ga komai ba. Yarinya tana ci, tana sha, tana wanke-wanke, amma in ta buɗe baki sai iska. Mako biyu ba ta leƙa makaranta ba, kuma saura mako uku jarrabawa.

Ranar wata Juma'a, bayan an sauko daga masallaci, Zinariya ta shigo gidana ta same shi a bakin tabarma. Ko zama ba ta yi ba.

"Mushe, me 'yata ta yi maka?"

Ya miƙe tsaye. "Maman Kamila, wallahi alheri na nufa."

"Alheri? A gaban lakwal, makaranta gaba ɗaya! Yara, malamai, har masu sayar da abinci a bakin ƙofa. Ka ɗaga ta sama ka ce kowa ya zuba mata ido, ko tubarkalla babu. To sun zuba. Ga ta can."

"A farmasiyon, bitar da muka yi a Parakou, an ce mana..."

"Su na Parakou su suka haifa mini ita? Ni da na haife ta, ka taɓa jin na ce tana da kyau a tsakar gida? Shashasha nake ce mata, don in rufa mata asiri. Bon, ba dogon zance na zo yi ba. Ranar Talata zan ɗora ta a mota zuwa Kolokondé wurin kakarta. Can za ta zauna har sabuwar doya ta fito, baki ya huce."

"Jarrabawa fa? In ta wuce, sai wata shekara, kuma..."

"Gara in gan ta ba takarda da in gan ta bebiya."

Bai ƙarasa abin da ya fara faɗa ba, amma duk mun san shi. Yarinyar da ta bar aji a waɗannan shekarun ta tafi ƙauye, ba kasafai take komawa benci ba.

Ni na sa baki. Na ce, "Maman Kamila, zauna mana. Ba abin da za a yi?"

Ta tsaya tana huci. Can ta ce, "Inda ya zubar da maganar, can zai je ya kwashe ta. Ranar Litinin ya tsaya a gaban tutar nan ya ce 'yata ba ta fi 'yar kowa ba, kowa ya ɗauke idonsa. In ya yi, na bar ta. In bai yi ba, Talata tana hanya."

Kada ku tambaye ni ko baki ne ya kama Kamila. Ni ban ce baki ƙarya ba ne, ban taɓa yabon nawa 'ya'yan ba tubarkalla ba, kuma ba zan fara yanzu ba. Amma na shiga gidan na ga yarinyar da idona. Tun ranar Litinin ɗin da aka yabe ta ba wanda ya ƙara kiranta da sunanta a unguwa, sai Ta Ɗaya. Kafin zazzaɓin, mata a bakin famfo suna tare ta su ce ta yi musu Ingilishi su ji. An ɗora mata kayan da suka fi ƙarfin wuyanta, kuma ba ta ga inda za ta sauke ba.

A wannan makon Hachimou bai je Kpébié ba. Ranar Asabar ya wuni a gidana, bai ci komai ba sai ruwa. Ya zauna, ya tashi, ya fita ya duba babur, ya dawo.

"Yaya, shekara uku ina yanka yarinyar nan da jan biro. Sau ɗaya tak na faɗa mata alheri. Yanzu in tsaya a gaban kowa in ce ƙarya na yi? Wannan ne zai ƙarasa ta. Ni na san yadda abin yake, an yi mini."

"In ba ka yi ba, za ta tafi Kolokondé."

"In na yi, ko ta zauna a Djougou, ba za ta ƙara buɗe baki ba. Ta ko'ina ni na kashe ta."

Tausayinsa ya kama ni, haushinsa ma ya kama ni. Na ce ya ɗauko littafin bitar nan ya karanta mini, in ji ko ita malamar ce ta ce a tara gari a yi shela. Ya buɗe yana juya shafi. Sai ya tsaya a kan wani shafi. Ashe matar ta faɗa musu, shi da kansa ya rubuta har ya ja layi a ƙasa: kada a ce wa ɗalibi ya fi kowa, don an ɗora masa tsoron faɗowa ke nan, a faɗa masa abin da ya yi da hannunsa, wanda zai iya sake yi gobe. Murna ce ta sa ya tsallake shafin.

"To ka gani," na ce. "Malamar da Zinariya ba su yi nisa da juna ba. Kai ne ka bi ta tsakiya ka faɗa rami."

Daga nan na ba shi labarin abin da bai sani ba. Shi yana makaranta, ni ce nake kai wa Baba abinci kara. Na sha ganin abin da ke biyo bayan tsakin nan. In Baba ya gama kushe bijimi a gaban jama'a, sai ya kama hannun rigar mai saye, ya ja shi bayan wata mota ko gindin bishiya, ya kai baki kunnensa. A nan yake faɗin gaskiya. Ba ya cewa babu kamarsa a duniya. Cewa yake, ka dubi faɗin ƙirjin, ka dubi yadda yake taka ƙasa, wannan an kiwata shi da kyau, tubarkalla, kada ka bari ya wuce ka. Kushen na kasuwa ne. Gaskiyar ta mutum ɗaya ce, wanda abin ya shafa.

"Kai rabin sana'ar Baba ka gada," na ce masa. "Ka iya tsakin, ba ka iya jan hannun riga ba."

Ya dube ni. Na ga wata tambaya ta taso masa har bakin leɓe, ya haɗiye ta. Ni ma na kawar da kai, don na san tambayar.

Ranar Lahadi bayan la'asar na aika a ce wa Zinariya ta aro mini Kamila ta taya ni tsintar wake. Muka zauna a zaure, ni da ita da faranti a tsakani. Hachimou ya shigo ya tsuguna can bakin ƙofa. Da ta gan shi, hannunta ya tsaya cak a cikin waken.

"Kamila," ya ce, muryarsa a ƙasa, "na yi miki laifi biyu, na da da na yanzu. Ki yafe mini. Yau ba a gaban kowa zan yi magana ba, ke kaɗai zan gaya wa, Yaya ce shaida."

Bai ce ta fi kowa ba. Ya tuna mata wasiƙar da ta sake rubutawa sau huɗu a ajin bara, ba wanda ya sa ta. Ya tuna mata ranar da Roukaya, abokiyar zamanta, ta kasa karatu, ita kuma ta sa yatsa a ƙarƙashin layin tana bi da ita a hankali har ta kai ƙarshe. Ya ce duk ranar da ya cika mata takarda da ja, washegari takan dawo da gyaran, ko sau ɗaya ba ta fasa ba. Ya ce ya ga duk wannan tun tuni, bakinsa ne bai iya faɗa ba. Ya rufe da tubarkalla masha Allah, har sau uku.

"Gobe mamanki tana so in tsaya a gaban tuta in kushe ki. Kin san yadda ake yi wa saniya a kara?"

Ta gyaɗa kai. Wace 'yar unguwarmu ce ba ta sani ba?

"To haka zan yi. Amma ba zan yi ba sai kin yarda. In kin ce a'a, zan nemi wata hanya, ko da ban san ta ba tukuna."

Ta miƙa hannu ta karɓi littafin da ke hannunsa da baƙin biro, ta yi rubutu a bangon baya, ta tura masa. Ya karanta a fili: "In ban zo na ɗaya ba fa?"

"To sai me?" in ji shi. "Ko faɗuwa kika yi, abin da na faɗa yanzu yana nan. Ba jarrabawa ce ta ba ki shi ba, ba ita za ta karɓe ba."

Hawaye suka zubo mata cikin wakena. Ta share su, sannan ta gyaɗa kai.

Ranar Litinin na bar shara na tafi makarantar. Na tsaya cikin masu sayar da abinci a bakin ƙofa, Zinariya tana gefena ta harɗe hannu. Kamila tana cikin sahu, karo na farko cikin kusan mako uku. Da aka gama ɗaga tuta, Hachimou ya fito. Daga inda nake ina hango takarda a hannunsa. Ya buɗe baki, ba abin da ya fito. Na ce a raina, shi ke nan, malami da ɗaliba duk sun zama bebaye. Sai ya ninke takardar ya sa a aljihu, ya haɗe fuska. Ya yi da Faransanci, ya maimaita da Hausa don na bakin ƙofa su ji.

"Kwanakin baya na tsaya a nan na yi zuzutawa. Kamila ba ta fi kowa ba. Tana haɗiye ƙarshen kalmomi. In tana karatu gudu take kamar an biyo ta. Rubutunta kuwa, kaza ta fi ta." Ya ja tsaki.

Tsigar jikina ta tashi. Muryar Baba ce, har tsakin. Yara suka fara gunaguni, ana cewa Jan Biro ya dawo. Na nemo Kamila da ido. Kanta yana ƙasa, kafaɗunta suna girgiza. Na ce a raina mun kashe 'yar mutane, kuma da shawarata. Sai ta ɗan ɗago, na ga ta cusa bakin hijabi a baki. Dariya take.

"Ɗaliba ce kamar kowa," ya ƙarasa. "Allah Ya tsare ta, Ya tsare ku duka, tubarkalla."

"Yawwa," in ji Zinariya. Ta ɗauki farantin wagashinta ta yi gaba. Talata ta zo ta wuce, ba wanda ya hau motar Kolokondé.

Kada ku ɗauka murya ta dawo a ranar. Ba ta dawo ba. Kwana biyar ana raɗa, kullum Hachimou yana zuwa mini da fuska a yamutse. A aji bai kira sunanta ba ko sau ɗaya. Ya kafa doka cewa a zagayen safiya, wanda ba ya son magana ya ɗaga hannu kawai a wuce shi. Kullum sai ta ɗaga a wuce. Aka yi jarrabawar rubutu, ta rubuta. Sunanta ya fito cikin waɗanda za su je ta baki. A lokacin tana magana a gida ƙasa-ƙasa, amma ba wanda ya ji ta yi Ingilishi, balle a gaban baƙo.

Ranar jarrabawar baki, malami ba ya shiga wurin ɗalibansa. A bakin ƙofar makarantar da aka kai su ya tsaya, ƙarƙashin wani mangwaro, cikin iyaye. Ni da Zinariya muna tare da shi. Ya duba babur ɗinsa ya fi sau goma. Yara suna shiga suna fitowa, kowa minti kaɗan. Kamila ta shiga, shiru. Wanda ya kamata ya bi bayanta yana tsaye a baranda yana jira, shiru.

"Yaya, ta daɗe," ya ce. "Tana zaune ne ta kasa. Mutumin yana jiranta ne."

Ni ma abin da nake tunani ke nan. Zinariya tana ta jan carbi, leɓɓanta sun bushe.

Sai ga ta ta fito. Ta ratsa fili ba gudu ba sanɗa, ta zo ta tsaya gabansa, ta ɗan rusuna.

"Mushe," ta ce, da murya sarai wadda kowa a gindin mangwaron ya ji, "na haɗiye ƙarshen kalma biyu. Amma na yi ta magana har sai da ya ce ya isa."

Ya dubi hagu, ya dubi dama, ya ga mutane.

"Kin yi gudu ko?"

"Na yi, Mushe."

"Na sani," in ji shi. Sauran maganar a ƙasan numfashi ya yi ta, ni da ita kaɗai muka ji.

"Shashasha, kin shanya mu a rana," in ji Zinariya da ƙarfi, ta kama hannun 'yarta ta riƙe gam kamar za a ƙwace mata. Daga baya sakamako ya fito. Kamila ta ci. Ba ta zo na ɗaya ba, kuma ba wanda ya mutu.

Amma ranar jarrabawar bakin nan, da muka koma gida, na zuba masa abinci, ya ci loma uku ya tsaya. Tambayar da ya haɗiye ranar Asabar ta dawo.

"Yaya," ya ce, bai dube ni ba. "Baba ya taɓa jan hannun rigar wani a kaina?"

Shekara goma sha shida ina ɗauke da amsar. Ranar da ya samu shiga jami'a, bayan maganar igiyar maraƙi, da kowa ya watse, Baba ya kama bakin mayafina ya ja ni bayan madafi. Ya ce kada in gaya wa kowa, kada ma in gaya wa yaron, don baki. Na yi biyayya. Na zuba ido ƙanena yana rama da fargaba shekara da shekaru, maganin yana cikin bakina, ina ganin amana nake riƙewa. Wannan laifin nawa ne, ba na Baba ba, kuma har yau yana ci mini rai.

Ba kowa a gidan sai mu biyu, amma duk da haka na tashi na kama hannun rigarsa, na ja shi bayan madafi. Na kai baki kunnensa.

"Cewa ya yi: Tsahara, kin ga yaron nan? Tun yana ƙarami, in ya kama abu ba ya saki sai ya gane shi. Ni shanu na sani, shi zai san mutane. A duk abin da Allah Ya ba ni, shi ne na fi jin tsoron a sa wa ido. Tubarkalla."

Ya jingina da bango. Ya ce in sake faɗa, na sake. Sai ya koma zaure ya ɗauko littafin bitar nan, ya buɗe shafin da ya bari fari, mai kwanan wata a sama. Ya laluba aljihu, babu biro, ya ara wa wani ɗalibi da safe.

Na miƙa hannu kan kanta, kusa da gwangwanin gishiri, na ɗauko jan. Ya ce kada in ba shi ko ya roƙa, amma ai bai roƙa ba. Da shi ya rubuta.